Ƙarfen Zahra'u a Tanderun Baba Adewale

Ranar da Zahra'u ta haihu, ana ce mata namiji ne kuma lafiyarsa ƙalau, ta yi hamdala, sai ta ɗaga kai ta ce ina jakarta mai ruwan toka. Nas ta ɗauka kayan jariri ne a ciki, ta miƙo mata da sauri. Ina kayan jariri! Guntayen ƙarfe ne guda biyu, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, an naɗe su a tsumma kamar layu.

To, kar ku ce yarinyar ba ta da hankali. Karatun ƙarfe take yi a jami'a, digiri na biyu, kuma guntayen nan biyu su ne duk abin da ya rage mata na wahalar shekaru. Ƙarfen nata haɗi ne, kobalt da alminiyam. In aka narka su wuri ɗaya sai su ba da wani abu mai kyan hali, ga jure wuta, ga ƙin tsatsa, irin wanda masu ƙera injuna ke so. Aibinsa ɗaya ne: gautsi. Ya suɓuce maka ya faɗi a siminti, sai ka ga ya tarwatse kamar kofin tangaran. Aikin Zahra'u shi ne ta sa ya riƙa lanƙwasawa kafin ya karye.

Ta kuwa san hanyar. Ta sa kobalt ya rinjayi alminiyam a haɗin. Ta sa an murje shi da zafinsa a injin matse ƙarfe, don ƙwayoyin da ke cikinsa su yi ƙanana. Abin da ya rage shi ne gashi: a sa shi a tanderu ya daɗe cikin zafi, sannan a riƙa sauke zafin sannu a hankali, ƙofa a rufe ruf, har ya huce don kansa. A cikin wannan hucewar ne rarar kobalt ɗin, wadda ke da laushi, za ta fito ta kwanta a tsakanin ƙwayoyin kamar yadda laka ke kwanciya tsakanin tubali. In tsaga ta taso, sai ta tarar da laushin nan ta tsaya.

Sai dai injin matsewar ya lalace bayan ya yi mata waɗannan biyun, tanderun sashensu ma ya ƙone, wa'adin karatunta kuma ya ƙare. Malamin da ke duba aikinta, Dakta Haruna, ya gaya mata gaskiya a waya bayan ya yi mata barka.

"Ranar Litinin mai zuwa kwamiti zai zauna. Ki nuna min guntu ɗaya da ya lanƙwasa bai tarwatse ba, in tsaya miki a ƙara miki lokaci. In babu, Zahra'u, sunanki zai fita, kuma ba abin da zan iya."

Ita kuwa tana ina? Tana Gyadi-Gyadi, a ɗakin ƙuryar gidan kakarta Inna Ladi, tana wankan jego. Haihuwar ta riga lokacin da aka ɗiba mata, kuma daga asibiti ba a bi da ita gidan mijinta na Darmanawa ba ko don ta ɗauki kaya. Ɗakin taga ɗaya gare shi, Inna ta rataya masa bargo. Fanka kuwa an ɗaure igiyarta can sama inda hannu ba ya kaiwa. Ƙafa cikin safa, kunne a rufe da ɗankwali, safe da yamma ruwa mai tafasa da ganyen darbejiya, tsakani kuma kunun kanwa, kwano bayan kwano. Daga kan gado Zahra'u tana jin hon ɗin 'yan adaidaita sahu a titi, kamar daga wani gari.

Inna Ladi ba muguwa ba ce, kar ku yi mata wannan kallon. Ita ta raini Zahra'u tun tana tsumma, domin uwarta Husaina ta rasu da ɗanyen jegonta. Likitoci sun faɗi nasu dalilin, amma a wajen Inna dalili ɗaya ne: Husaina ta fita gaisuwar mutuwa kafin arba'in, sanyi ya shige ta. Tun daga ranar ta yi wa kanta alkawari, duk mai jegon da ta shiga hannunta ba za ta taka ko zaure ba.

Mijin Zahra'u, Murtala, kayan wuta yake sayarwa a kasuwar Tarauni. Shi ya samo tanderu. Bayan shagonsa akwai Baba Adewale mai haɗa wa mutane haƙoran sawa, Bayarabe haifaffen Kano, wanda ke da wani ɗan tanderun lantarki da yake gasa kayan aikinsa, zafinsa yana haura digiri dubu. Baba Adewale ya ce a kawo, ai 'yarsa ce. Murtala ya ɗauki guntu na farko ranar Laraba, Zahra'u tana yi masa bayani a waya kamar mai koya wa makaho hanya.

Ranar Alhamis da hantsi Inna ta leƙo ta tarar da ita a tsaye tana zirga-zirga da waya a kunne, jariri yana ta tsotsar hannunsa.

"Ke maƙeriya! Maigidana yana kuka kina hira da ƙarfe? Kawo nan."

"Inna, don Allah, minti ɗaya. Ban gama gaya masa ba."

"Kin gama. Tsayuwar nan ita ke sa jini ya ɓalle."

Ta fizge wayar ta kashe, ta cusa a lalitarta, ta tsuke bakin.

Da la'asar sai ga Murtala, fuska fal murna, tsire a hannu ɗaya, ƙullin tsumma a ɗayan.

"Angon ƙarni, an iso?" in ji Inna. "Wannan washe bakin fa, ko an yi maka kyautar mota?"

"Inna, amanar Hajiya na kawo. An gama."

Zahra'u ta miƙa hannu ta karɓa. Tsumman a jiƙe yake, kuma sanyi ƙalau.

"Yaya aka yi ya huce yanzu?"

"Ai lokacin da kika ce ya cika, na yi ta kiranki a kashe. Baba ya fita. Na ce yarinyar nan tana can hankalinta a tashe, bari in kai mata ta gani. Sai na sa awartaki na ciro shi, ja wur, na tsoma a bokiti. Ba haka maƙera ke yi wa wuƙa ba? Har wata ƙara ya yi, ƙas, na ce to ya ƙeru."

Ta warware tsumman a kan cinyarta. Tsaga ta ratsa ƙarfen daga kai har gindi. Ta sa farce ta taɓa, ya rabe uku, wani ɓangaren ya zube gari-gari kamar gishiri.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ina ma ta yi. Kallonsa kawai ta yi, shi kuma ya tsaya riƙe da tsiren, maiƙo yana ɗiga a takalminsa.

"Wuƙa daban," ta ce a hankali. "Wannan in ya sha sanyi farat ɗaya, bayansa ya ƙanƙance cikinsa bai ƙanƙance ba, sai ya fashe. Kuma laushin da nake nema bai samu lokacin fitowa ba."

"Wallahi don ki ji daɗi na yi."

"Na sani."

Saura ɗaya ke nan. Da Murtala ya tafi, ta durƙusa a gaban Inna, abin da ba ta saba ba, domin tsakaninsu wasa ne na jika da kaka.

"Inna, Tarauni ce fa. Nan da nan. In shiga adaidaita a rufe, in sa rigar sanyi biyu, in zauna kusa da wuta ma. In gani da idona in dawo."

"A'a."

"Shekaruna ne za su tafi a banza."

"Su tafi. Na binne uwarki da digirin wa? Ke in kin ga kin fita gidan nan kafin arba'in, to gawata kika tsallaka."

Ta miƙo mata wayar dai, ta ce a zaune za a riƙa amsawa. Ranar Juma'a da safe Zahra'u ta damƙa wa Murtala guntu na ƙarshe, tare da wani siririn ɓalli kamar tsinken tsintsiya da ta yanka daga jikinsa tun tuni don gwaji. Ta sa shi ya maimaita mata sau uku: a gasa yau, gobe a rage zafi a bar shi ya wuni a haka, sannan a kashe, ba mai taɓa ƙofar sai Lahadi da rana.

Juma'a ta wuce lafiya. Asabar da safe, tana fitowa daga wanka jikinta yana tururi, waya ta yi ƙara. Baba Adewale ne.

"'Yata, ina gajiya? Ina ɗan baƙo? To, magana ce ba daɗi. Akwai wani Alhaji da na yi wa alkawarin haƙora tun makon jiya. Gobe yake aurar da 'yarsa. Yana nan zaune a gabana, ya ce ba zai tsaya a hoto da baki a rufe ba. Ni na ɗauka aikinki na Laraba shi ke nan. Dole in buɗe in sa nasa."

"Baba, don girman Allah. In ka buɗe yanzu iska ta buge shi."

"In ciro miki shi a hankali in ajiye a gefe?"

"Gefen ma sanyi ne a wajensa. Baba, shi kaɗai ya rage min."

"Na ji. Amma mutumin nan shekara da shekaru yana kawo min mutane. Bari in lallashe shi zuwa azahar, iyakar ƙoƙarina ke nan."

Ta ajiye wayar. Ta dubi bargon da ke taga, ta dubi igiyar fanka a sama, ta dubi ƙofar da Inna ke zaune a bakinta tana tsince shinkafa. Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

Inna ta ajiye faranti.

"Ke, mai jego ba ta kuka, nono yake ɓatawa. Me kuma ya faru? Angon naki ya sake wanke shi?"

Zahra'u ta gaya mata. Wannan karon ba ta roƙi fita ba, ta gaji da roƙo. Bayani kawai ta yi, kamar mai magana da bango: yadda ƙarfen ya sha wuya a injin, yadda yake ɗanye yanzu, yadda yake bukatar ɗumi ya daɗe a jikinsa, a rage masa kaɗan-kaɗan, kar iska ta taɓa shi sai ya yi ƙwari.

Inna ta juya zoben hannunta.

"Wato in aka fito da shi kafin lokacinsa, sanyi ya shige shi."

"Haka ne."

"Ya lalace ke nan har abada."

"Har abada."

"To ashe jego yake yi, shi ne ba wanda ya gaya min? Kuma aka bar shi a hannun maza?" Ta dafa bango ta miƙe. "Ina mayafina? Miƙo min tabarmar sallah da buta."

"Inna, ina za ki?"

"Inda aka hana ki. Amma sai kin rantse min. Ki ce wallahi ba za ki taka waje ba."

Zahra'u ta rantse. Inna ta sumbaci jariri a goshi, ta ce, "Maigida, ka kula min da ita," ta fita tana ɗingisa ƙafarta mai ciwo.

Gidan ya yi tsit. Tunda aka kawo ta ba a taɓa barinta ita kaɗai ba. Ga ƙofa a buɗe, ga hijabinta a rataye a ƙusa. Ta yi ta kallonsa. Me tsohuwa ta sani game da tanderu? In Baba ya ce zai ɗan leƙa kawai, ai za ta yarda. In wuta ta ɗauke ba a tada janareta da wuri ba fa? Ba ta san lokacin da ta zura hijabin ba. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce murhun da ake dafa mata ruwa, ta shiga zaure. Daga nan tana hango bakin layi, adaidaita suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, rabinsu ba kowa a ciki. Ɗaga hannu kawai za ta yi.

Sai jiri ya ɗebe ta, ta dafa ƙyaure. Daga ciki yaron ya tsanyara kuka. Ga kuma wallahin da ta faɗa, tana nan daram a wuyanta. Ta daɗe a wurin, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Sannan ta juya ta koma, ta cire hijabin, ta ɗauki ɗanta ta sa masa nono, hawaye yana sauka a kan hularsa.

Wajen azahar Murtala ya kira, murya ƙasa-ƙasa.

"Ki yi shiru ki saurara. Zan bar wayar a aljihu."

Ta manna wayar a kunne. Da farko ƙugin janareta kawai take ji, sai muryar Inna ta fito tar.

"Na ce ba mai taɓa ƙofar nan. Ga ni ga ta. Wanda zai buɗe sai ya ɗaga ni, kuma ina da nauyi."

"Hajiya, shagona ne fa," in ji Baba Adewale.

"Shagonka ne, mai jegon tawa ce. Kai da aka haifa a garin nan, ka taɓa ganin an fito da mai jego don baƙo yana sauri?"

Wata murya ta shigo, mai kauri, kalmomin suna fita da iska-iska saboda giɓi. Alhajin ne.

"Baiwar Allah, ƙarfe ne fa! Ni mutum ne. Gobe manyan mutane za su cika gidana, da me zan ci nama?"

"Alhaji, dubi bakina. Guda nawa ka gani? Bikin da na ci da bakin nan ba ka ci rabinsa ba. A dama maka fura. Hoto kuwa ka yi murmushin manya, baki a rufe, sai a ce kamala ce."

Wani ya tuntsire da dariya, da alama Murtala ne, ya mayar da ita tari. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce shi ba a taɓa wulaƙanta shi haka ba, ya ce Adewale ya zaɓa. Zahra'u ta ƙara manna wayar a kunne. Ba abin da za ta iya daga inda take, ko tari ta yi ba mai ji.

Can Baba Adewale ya yi ajiyar zuciya.

"Murtala, tada babur ɗinka. Akwai wani ɗan'uwana a Sabon Gari mai irin tanderun nan. In ya yarda, a can za mu gasa na Alhaji. In bai yarda ba, Alhaji, sai dai ka yi haƙuri da ni. Ba zan ɗaga tsohuwa ba."

"Ka kyauta wa kanka," in ji Inna. "Kafin ku tafi, ina alƙibla a shagon nan?"

Wayar ta katse a nan.

Inna ta wuni a wurin, sai bayan an kashe tanderun da yamma ta dawo, bayan ta sa Baba Adewale ya kulle shagon a gabanta ya ba ta makullin, tunda gobe Lahadi coci za shi. Alhaji dai an ce ya samu haƙoransa, amma ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka shagon ba. Wannan ya tsaya wa Zahra'u a rai, ta kira Baba ta ba shi haƙuri, ya ce ta bari kawai, ta yi addu'a abin ya yi kyau.

Lahadi bayan azahar Inna da Murtala suka tafi tare. Zahra'u ta zauna a bakin gado ta kasa ko shan kunu. Da suka dawo, Inna ce riƙe da kayan, a cikin kwanon sha mai murfi, an shimfiɗa auduga a ƙasa. Ƙarfen ya yi duhu, ba ƙyalli, ba kyan gani. Amma ba tsaga. Da ɗan ɗuminsa ma, kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza.

Ta ajiye babban a gefe, ta ɗauki siririn ɓallin. Murtala ya miƙo mata filaya biyu daga aljihunsa. Ta kama kai da ɗaya, gindi da ɗaya. Duk irinsa da ta taɓa gwadawa a baya, kafin ma ta sa ƙarfi yake cewa ƙas ya watse mata a fuska. Ta yi bisimilla, ta runtse ido rabi, ta fara matsawa.

Ya ƙi. Ta ƙara ƙarfi. Sai ta ji wani abu a tafin hannunta, ba ƙara ba, wani ɗan sakin jiki. Ɓallin ya rusuna kaɗan, ya ƙara rusunawa, ya yi kamar bakin lauje. Sannan wata 'yar tsaga ta buɗe a bayan lanƙwasar, ta shiga rabi, ta tsaya.

"Ya karye?" in ji Murtala.

"Ya tsage. Bai rabu ba." Ta ɗaga shi sama, guda ɗaya, a lanƙwashe. "Duba, bai rabu ba."

"To ya warke ko bai warke ba?" in ji Inna. "Ku yi min Hausa."

"Ya fara, Inna."

Ta ɗora shi a kan farin zanin jariri ta ɗauki hoto ta kowane gefe, ta tura wa Dakta Haruna. Ba a jima ba ya kira. Bai ko amsa gaisuwa ba.

"Da hannu kika lanƙwasa wannan? A sanyi?"

"Da filaya, Dakta. Yanzun nan."

Tana jin yaransa suna hayaniya a bayansa.

"Guda ɗaya ba sakamako ba ne, kin sani. Sai an yanka babban an duba cikinsa, sai an auna, sai kin maimaita. Amma ya ishe ni in shiga da shi gobe. A kawo min duka biyun ofis da sassafe, kar a goge komai a jikinsu. Yaushe za ki iya dawowa?"

Zahra'u ta dubi Inna. Inna ta kafe ta da ido, ta harɗe hannu a ƙirji.

"Sai na yi arba'in, Dakta."

"To, zan gaya musu haka. Allah ya raya."

Ta ajiye wayar a kan katifa. Ɗakin yana nan yadda yake, da zafinsa da duhunsa, gumi yana bin bayanta. Ta jingina da bango, ta ce wa Murtala ya matso mata da kwanon kunun, yunwa take ji.